Man da Ba Ya Ƙamshi

Ku dai zauna ku ji, tun da kun ja ni da magana. Ɗazu ina jin ɗayanku yana cewa haɗa man shafawa ai ba sana'a ba ce, bokiti ne da ludayi, a zuba wannan a zuba wancan, a ɗauki hoto a waya a sayar. To, madalla da kai. Ni Isyaku shekara goma sha huɗu na yi a gaban tukunyar mai a Sharaɗa, unguwar masana'antu, kuma har na bar wurin ban taɓa ɗora tukunya gabana bai faɗi ba. Fatar mutum fa za a shafa wa. Wani lokacin ma fatar jariri.

Aikin farko da aka ba ni wankin tukunya ne. Kamfaninmu ƙarami ne, a bayan wata masaƙa, muna yin basilin mai ƙamshi da man kitso da sabulu. Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Garba, wani siririn dattijo daga Ɗorayi wanda sai ka yi sati ba ka ga haƙorinsa ba. A kusurwar ɗakin haɗi akwai wata tukunyar silba da ya keɓe, da muciyarta da rariyarta da tsummanta, ba a haɗa su da komai. Wata uku ina wanke tukunyar nan da tafasasshen ruwa. In na gama sai ya zo ya cusa kansa ciki har wuya, ya shaƙa, ya ɗago ya ce, "Sake." Ba ya gaya mini abin da ya ji. Ran nan dai na gaji na ce, "Malam, wallahi sau uku na ɗauraye." Ya dube ni ya ce, "Tukunya ta fita. Kai ne ba ka fita ba. Me ka shafa da safe?" Ashe ɗan turaren da na ɗiga a wuyan riga ne. Daga ranar na bar turare sai Juma'a, kuma rigar Juma'a ba ta zuwa Sharaɗa.

Tukunyar nan ta farin mai ce, wanda muke yi wa masu ciwon da likitoci ke kira egzima. Ba kyasbin nan mai fari-fari da ke fitowa a ƙirji ba, kada ku haɗa su. Wannan fata ce take bushewa ƙamas, ta kama ƙaiƙayi, a sosa, ta tsage, ta yi ruwa, ta yi ɓawo, a sake sosawa. Yara yakan kama su a kumatu da lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, manya kuma a hannu da wuya. Sau da yawa a jinin gida yake.

Akwai maganin shafawa na cikin tub mai sinadarin sitiroyid, kuma kada ku je ku ce na zage shi. In likita ya rubuta, ya faɗi kwanakin da za a shafa, yana aiki. Amma a garin nan wa ke jiran likita? A shiga kemis a saya, kwana uku fata ta yi luwai-luwai, sai a ci gaba da shafawa wata da watanni. Fatar ta yi haske, ta sirance kamar ledar burodi, jijiyoyi su bayyana, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo a fusace. Akwai wani na ƙasar waje da ya fara shigowa a lokacin, shi ba sitiroyid a ciki, amma sai likita ya rubuta, kuma ba na talaka ba ne. Shi ya sa wani likitan fata a cikin gari ya roƙi mai kamfaninmu a yi masa mai zalla: ba turare, ba kala, ba sitiroyid, wanda zai riƙe wa fata damshinta kawai, a shafa kullum, yaro da babba. Ba ya raba mutum da ciwon har abada, ba mu taɓa cewa haka ba. Yana dai kwantar da shi, ya bar mutum ya zauna lafiya.

Kayan haɗin ba su da yawa: farin basilin, man kaɗe, kakin zuma kaɗan, gilisirin, tataccen ruwa, da abin da ke sa mai da ruwa su zauna tare, da ɗan abin hana lalacewa. Tsara awo ba namu ba ne, mai ilimin magunguna na kamfani shi ke rubutawa ya sa hannu. Namu tukunya. Ɓangaren mai ka narka shi daban, ɓangaren ruwa ka ɗumama shi daban, kuma sai ma'aunin zafi ya nuna sun zo daidai kafin ka haɗa. Ka yi gaggawa ya tsinke, ruwa ya kwanta ƙasa mai ya taso. Ka bar kaɗen ya huce yadda ya ga dama, ya yi tsaki-tsaki, mai ciwo ya shafa ya ji kamar yashi. Shi kansa kaɗen sai mun narka mun tace sau biyu, don matan ƙauye a kan itace suke dafa shi, yakan zo da toka da warin hayaƙi.

Ina tuna wata Talata da muka haɗa tukunya cike, injin juyi yana tsakiyar aiki, wuta ta ɗauke. Janareta kuma ba mai. Malam Garba ko ɗaga murya bai yi ba, ya miƙo mini muciya ya ce, "Tuƙa. Gefe ɗaya, kada ka canja, kada ka tsaya." Na tuƙa kamar mai tuwon biki har kusan awa biyu, shi yana tsaye yana goge mini gumi da tsumma don kada ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Da ya huce, ya lakata a bayan hannunsa, ya murza, ya ce, "Gobe kai za ka auna." Duk yabon da na samu a wurinsa ke nan a shekara biyar, kuma ya ishe ni.

Matsalarmu masu saye. Bakano ba da ido yake sayen mai ba, da hanci yake saya. Mace ta buɗe murfi, ta kai hanci, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ai ba a ƙarasa shi ba." Dillalai suka riƙa dawo mana da katan-katan. Waɗanda suka san darajarsa su ne waɗanda ciwon ya gasa. Akwai wani ma'aikacin majemar fata a Chalawa da ya zo bakin ƙofa, tafin hannunsa duk ya dare, ya ce ko alwala sai ya cije leɓe. Malam Garba ya ba shi kwalba ya ce, "Ba ruwanka da agogo. Duk sanda ka idar da alwala, hannu da sauran danshi, shafa." Bayan wata guda mutumin nan ya dawo, ba don komai ba sai don ya ba mu hannu mu gaisa.

Shekarar da ta fi muni ta zo ne bayan wayar salula ta cika gari. Wuta sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, baƙin mai ya yi wuya, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Masaƙar da ke gabanmu ta sa kwaɗo. Ka bi ta Bompai ka ga ciyawa ta rufe ƙofofin masana'antun da da mutane ke tururuwa. A lokacin Malam Garba ya ajiye aiki saboda ciwon ƙafa, tukunya tana hannuna.

Sai manajanmu, Alhaji Sani, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma ruwa ya kai masa wuya. Ya ce, "Malam Isyaku, farin man nan naka ya tare tukunya guda shi kaɗai, kuma ba ya tafiya. Za mu sa masa turare da 'yar kala, ya bi sauran kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in turare ya shiga, masu ciwon nan ba su da sauran abin shafawa a garin nan. Turaren ne ma ke tayar musu da shi."

Ya ce, "Haka kuke ta faɗa kai da Malam Garba. To, ga gwaji ya zo har gida. 'Yar ƙanena Haladu, Hafsa, shekararta huɗu, ciwon ya hana ta sakat. Likita ya ce a janye tub a koma irin naka. Yau zan aika musu kwalba Panshekara. Na ba ka sati uku. In ya yi, tukunyarka ta zauna yadda take. In bai yi ba, kada ka sake yi mini gardama."

Na ce na yarda. Na fito ina taƙama, don na san abin da na tuƙa.

Kwana tara sai ga manaja ya faɗo ɗakin haɗi da kansa, ko sallama babu. Ya ce, "Me ka ba yarinyar nan? Jikinta ya fi da lalacewa! Duk ya yi ja, tana ta ihu in an shafa!" A gaban ma'aikata ya faɗa, har da masu cika kwalba. Kafin a tashi aiki ya sa an kawo jarkar turare an dire ta a gindin tukunyata, ya ce sati ukun na cika za a zuba.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata ƙwarai. Ba don aikina ba, don in da gaske man da na tuƙa ne ya ƙona 'yar mutane, to ban san inda zan sa kaina ba. Kowane haɗi muna ajiye kwalba ɗaya a kabad. Na ɗauko ta wannan haɗin, na duba, na shinshina, na shafa a cikin hannuna. Lafiya lau. Na aika wa Haladu cewa ina son ganin kwalbar da ke gidansu da idona. Bayan la'asar ya zo ya ɗauke ni a babur.

A zaure na zauna. Haladu ya shiga ya fito da Hafsa a kafaɗa. Allah Sarki, 'yar mitsitsiya, kumatunta da wuyanta sun yi jajur, lanƙwasar hannu tana ruwa, idonta duk ya faɗa don rashin barci, hannu kuwa bai daina susa ba. Ya miƙo mini kwalbar a cikin leda. Wallahi ban kai ga kwance ledar ba na ji shi. Turare, kuma ba ƙarami ba, mai nauyi irin na manyan mata.

Na ce, "Malam Haladu, wa ya buɗe kwalbar nan?"

Kafin ya amsa sai na ji takun sanda. Hajiya ce, mahaifiyarsu shi da manaja, wata doguwar tsohuwa mai kwarjini. Na zame daga benci na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai ne mai man?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "To, ni na gyara maka shi. Sani ya aiko da abu salam, ba ƙamshi ba komai, wai a shafa wa jikata. Ɗana yana manaja a kamfanin mai, a ce 'yar gidan nan tana yawo ba ƙamshi kamar wadda ba ta da kowa? Madarar turaren da na zo da ita daga Makka, wadda ko 'ya'yana mata ban ɗiga wa ba, ita na tsiyaya mata. Kayanta ma kullum sai na turara su. Duk da haka man naka bai yi ba."

To fa. Ku da kuke cewa aikin bokiti ne, ku gaya mini, a nan me za ku ce? Tsohuwa ta ba da abin da ta fi so a duniya don ƙaunar jikarta. Ɗanta Haladu yana tsaye ya sunkuyar da kai. In na ce, "Hajiya, ku kuka jawo," na ci mutuncinta a zauren gidanta, kuma ba za ta sake bari kwalbata ta shiga gidan ba.

Ina durƙushe sai na lura tana magana tana sosa wuyan hannunta da bakin sanda. Fatar wurin ta yi kauri ta yi duhu, hagu da dama. Na ce, "Hajiya, ku gafarce ni, hannun nan naku ya daɗe yana ƙaiƙayi?"

Ta ce, "Wannan? Tun ina budurwa. Sanyi ne."

Na zo da kwalba biyu a aljihu, sababbi. Na ajiye su a gabanta na ce, "Ina roƙon alfarma. Ku kun fi ni sanin mai, tun ba a haife ni ba kuke haɗawa. Ku yi mana alƙalanci. Hannun hagu ku shafa wanda kuka gyara, na dama ku shafa nawa yadda yake, bayan kowace alwala, kwana goma. Ita kuma yarinya a bar ta a kan nawa zalla, a wanke kayanta kada a turara, gobe kuma a kai ta likita ya duba inda ya yi ruwa."

Ta ƙare mini kallo ta ce, "In nawa ya fi fa?"

Na ce, "Da hannuna zan zuba turare a tukunyar kamfani."

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ka cika baki. Haladu, karɓi. Zan yi, don in kunyata shi."

Kwana goman nan na sha su. Manaja ya tare ni washegari ya ce me na gano, na ce muna dai dubawa. Me zan ce? Wa zai shiga ofishin mutum ya ce masa mahaifiyarsa ce ta ɓata magani? Haladu ma bai iya gaya wa yayansa ba. Sai ya zama duk kamfani an san man Isyaku ya ƙona 'yar ƙanen manaja. Masu cika kwalba suna ganina suna ƙus-ƙus. Wani direba har tsokanata yake, wai in taimaka kada in ba shi hannu. Kullum na zo, jarkar turaren nan tana nan a gindin tukunya, sai in zagaye ta in yi aikina. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ban tona wa Hajiya asiri ba.

Ranar Litinin da wa'adin manaja ya cika, da hantsi, aka ce manaja na kirana. Na wanke hannu na tafi, na riga na saddaƙar. Ina shiga sai na ga Hajiya zaune a kujerar baƙi, sandarta a jingine, Hafsa a gefenta. Tasi ta ɗauko tun daga Panshekara, ba ta gaya wa kowa ba. Manaja yana tsaye, ya rasa abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Yauwa, ga shi nan. Sani, matso." Ta ɗora hannuwanta biyu a kan teburinsa. "Duba. Wannan da wannan."

Na dama ya kwanta, ya yi laushi, tsagar ta rufe. Na hagu yana nan yadda na gan shi, har ya fi ja, da sawun farce.

Ta ce, "Na daman man yaron nan ne. Na hagun nawa ne, mai turare. Ni na zuba turare a kwalbar Hafsa tun ranar da ka aiko. Shi ya sani tun ran da ya zo gida, ya rufa mini asiri, kai kuma kana nan kana ci masa fuska." Ta jawo Hafsa ta ɗaga mata haɓa. Kumatun sun huce, wuyan ya bushe, sai ɗan duhu-duhu inda ciwon ya zauna. "Shekara nawa ina susar hannun nan ina cewa sanyi ne. Ashe da kuɗina nake sayen abin da ke cina."

Manaja ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, ai kasuwa ce ta..."

Ta ce, "Ban tambaye ka kasuwa ba. Sauran tukwanenka ka zuba musu abin da ka ga dama. Amma in turare ya shiga tukunyar yaron nan, Sani, ban yafe maka ba."

Kun san nauyin wannan kalma a bakin uwa. Alhaji Sani, da babbar rigarsa da hularsa, ya durƙusa a kan simintin ofishinsa ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, ba za a sa ba." Ya juyo wurina ya ce, "Malam Isyaku, ka yafe ni." Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Amma a raina, wallahi, ban taɓa jin girman sana'ata kamar wannan safiya ba. Bai kira lebura ba, shi da kansa ya je ɗakin haɗi ya ciccibi jarkar ya mayar sito, ma'aikata suna kallo.

Da ya dawo yana haki, Hajiya ta ɗauki sandarta ta ce a kira mata tasi. Ta juya za ta kama hannun Hafsa, sai ta tsaya. Duk hayaniyar nan da ake yi, yarinyar ta zame ta kwanta a kan kujera, ta yi barci, bakinta a buɗe, hannuwanta a sake, ba ta sosa ko'ina.

Hajiya ta koma ta zauna a hankali, ta ce da ƙaramar murya, "Ku bar tasin tukuna. Kada wanda ya tashe ta."